Babatu: jarumin Yamai, ɗan harin Sandema

A 1976 Jean Rouch ya fito da fim ɗinsa Babatu, har aka kai shi gasar Cannes. Rouch ba baƙo ba ne gare mu 'yan Kurfai: 'yan Hauka da ya ɗauka a Akkara, ai a ƙasar Filinge abin ya taso wajen 1925. To amma wannan fim, sharhina a kansa ba yabo ba ne zalla.

Labarin na Zabarmawa ne da suka bar bakin kogi kan dawakai, suka mamaye ƙasar Gurunsi a ƙarshen ƙarni na 19, farko da Alfa Hano, sannan Gazari, sannan Babatu. Fim ɗin yana da daɗi, Damure Zika da Lam sun iya wasa, kai ka ce tatsuniyar dare ce. Nan fa matsalar take. Kyamara tana bin masu doki, mai kallo ma sai ya tsinci kansa cikin ayarinsu, yana jin yaƙin kamar tafiya Kurmi neman arziki, irin wadda kakanninmu suka yi. Arzikin kuwa mutane ne, ana kama su ana sayarwa.

Je ka Sandema, arewacin Gana, cikin watan Disamba. Bulsawa na bikin Feok da rawar yaƙi, baka da kibiya, hular ƙaho a ka, suna tuna ranar da suka kori Babatu. Can sunansa ɓarawon mutane, ba wani wai-wai.

Ba mu kaɗai ba ne. Yaƙin Indiya da Sin na 1962, wata guda aka yi shi a kan iyakar Himalaya. Indiya ta kira shi cin amanar aboki, Sin ta kira shi martanin kare kai. Amma su kowa na da gwamnati da maɗaba'a da zai buga nasa. Gurunsawa fa? Abin da ya rage musu waƙa da rawa da kufai.

Abin haushi, da Hausa aka rubuta ɗaya daga tsofaffin shaidun wannan yaƙi: labarin Zabarmawa na Malam Abu, da ajami, wajen 1914. Sai a Polan aka buga shi, a 1992, mu kuwa a lakwal ko sunansa ba mu ji. Babatu kansa a Yandi ya ƙare, bayan Faransawa da Amariya, tsohon yaronsa da ya yi masa tawaye, sun karya shi a 1897.