Masu Fito na Fadamar Nguru

Baƙon da ya zo buɗe ido Nguru ko Gashuwa yakan koma gida da labarin tsuntsaye. Da wuya ya tuna da wanda ya kai shi inda suke, wato mai kwale-kwale.

Tafkin Nguru da mashigin Marma sun shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. A Dagona kuwa, cikin ƙasar Bade, tsuntsaye na sauka daga Turai lokacin hunturu, har Yarima Philip na Ingila ya zo ganinsu a 1989. Amma fa ruwan nan ba shi da titi, ba shi da allon kwatance. Taswirarsa tana cikin kan masu fito. Su ne suka san inda zurfi yake, da lokacin da dinya da kirinjijiya ke fitowa kiwo, da yadda za a matso kusa ba tare da an tashe su ba.

Wahalar da baƙo ba ya gani ita ce kacalla. Wannan ciyawa takan toshe hanyoyin ruwa ruf, sai mutanen nan su shiga tsundum da lauje da adda, ga sanyi ga matsattsaku, su sare ta ranar gayya. In suka yi sake, sai ta dawo.

Kuma ba 'yan yawon shaƙatawa kaɗai suke ɗauka ba. Buhunan shinkafa, da kifi banda, da awakin ranar kasuwa, da mai naƙuda daga ƙauyen da ambaliya ta yanke da damina, duk a jirginsu ake tsallakewa.