Taskar kalmomi da tsarin rarraba littattafai a binciken intanet: ina matsayin hausa?

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu muna son mu duba wata magana da ta karɓu ga masanan ɗakunan littattafai, wato cewa in an haɗa taskokin kalmomi da tsare-tsaren rarraba ilimi na ɗakuna daban-daban, mai bincike zai jefa tambaya ɗaya ta intanet ya samu amsa daga ko'ina. Taskar kalmomi, abin da ake kira tezorus, jerin zaɓaɓɓun kalmomi ne wanda ke nuna wadda aka yarda da ita, da masu kama da ita, da wadda ta fi ta faɗi ko ƙunci. Kan wannan tunani aka gina SKOS a 2009, da ƙa'idar ISO 25964 mai kashi biyu, na 2011 da na 2013. Ba mu musun amfaninsu. Tambayarmu ita ce: me ke samun hausa in ta bi ta wannan hanya?

2. Gadon tsarin rarrabawa

Tsarin Dewey ya fito a 1876. Daga gare shi Paul Otlet da Henri La Fontaine suka tsiro da CDU, wanda aka sani ƙwarai a ƙasashe masu aiki da faransanci. Amfanin lamba a fili yake: ba ta da harshe, kuma 493.72 na nufin hausa ko a Yamai ko a Landan. Sai dai lambar tana ɗauke da ra'ayin wanda ya yanka ta. A Dewey ingilishi ya samu 420 baki ɗaya, faransanci 440, hausa kuwa sai bayan ɗigo. Haka addinin kirista ya mamaye daga 220 zuwa 280, musulunci ya tsaya a 297. Sakamakon haka, bincike da ya bi lamba yana tsefe wani fanni dalla-dalla, wani kuma ya dunƙule shi wuri guda. Haɗa ɗakuna ta intanet bai gyara wannan rashin daidaito ba, yaɗa shi ya yi.

3. Matsalar daidaita ma'ana

Nan ne gizo ke saƙa. Aikin MACS ya haɗa jerin batutuwa na Amurka, LCSH, da RAMEAU na Faransa da SWD na Jamus, kuma ya yi amfani, domin harsunan uku sun daɗe suna musayar kalmomin ilimi. Mu ɗauki misalin hatsi. Faransanci na ƙasashenmu yana cewa petit mil da gros mil, na biyun kuwa dawa ce. Ingilishi yana sa kalmar millet kan tsirrai da yawa waɗanda ba jinsi ɗaya ba. AGROVOC, taskar hukumar FAO, tana da mafita, wato sunan kimiyya. To amma manomin Maraɗi yana raba gero da maiwa, alhali a wajen masanin tsirrai iri ɗaya ne: gero mai saurin nuna, maiwa mai jinkiri. Ɗalibin da ke neman rubutu kan maiwa, in aka mai da tambayarsa sunan kimiyya, za a zubo masa duk abin da aka rubuta kan gero, abin da yake nema ya ɓace a ciki.

Gaskiya ne ISO 25964 ta yarda cewa daidaito iri-iri ne: akwai cikakke, akwai na kusa, akwai na sashe. Amma wa ke yanke hukunci? In ba a sa mai jin harshen ba, hausa takan shiga a matsayin fassarar ma'anonin da aka riga aka yanka da wani harshe.

4. Matsalar rubutu

Kafin ma'ana ma akwai baƙi. Na'urar bincike tana iya mai da é ya zama e, domin a Unicode harafin yana rabuwa biyu. Amma ƙ da ɗ da ɓ ba su rabuwa haka. Wanda ya buga kasa ba lalle ya samu ƙasa ba, in kuwa an haɗe su da gangan, an haɗe kalmomi biyu masu ma'ana dabam. Nijar tana rubuta ƴa, Nijeriya tana rubuta 'ya. Rubutunmu kuma ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, saboda haka gari na zama da gari na tuwo siffarsu ɗaya. Sunan harshen kansa yana zuwa Hausa, Haoussa ko Hawsa. Ga kuma rubuce-rubucen ajami, irin waɗanda ke ajiye a IRSH ta Yamai, masu buƙatar ƙa'idar juyawa zuwa boko.

Abin lura shi ne, waɗannan matsaloli su ne ainihin abin da taskar kalmomi ta iya warwarewa, tun da aikinta ne ta tara siffofi da yawa ƙarƙashin ma'ana ɗaya, ta kuma raba siffa ɗaya mai ma'ana biyu. Ashe laifin ba na kayan aikin ba ne, na tsarin da aka bi ne.

5. Kammalawa

A ganinmu, fara aiki da fassara RAMEAU ko AGROVOC zuwa hausa kuskure ne. Ya kamata a fara da gina ƙaramar taska daga cikin hausa, fanni-fanni, kamar noma, kiwo da sarauta, a dogara ga ƙamusoshi irin na Bargery na 1934 da kuma bakin masu sana'a. A shigar da rubutun Nijar da na Nijeriya da bambancin karin harshe. Bayan nan ne za a ɗaura ta da manyan taskoki, ana faɗin irin daidaiton kowace kalma. Aikin na masanin harshe ne da ma'aikacin ɗakin littattafai tare. In ba a yi shi ba, takardunmu za su shiga intanet amma mai nemansu da hausa ba zai same su ba.