Jinjina ga Masu Rumfar Rigunan Ƙwallo

Ranar Alhamis kowa a Maigatari maganar shanu da raƙuma yake yi, amma ni masu rumfar rigunan ƙwallo nake yi wa jinjina. Yawanci sana'ar gida ce: uba ya sari dila a Kantin Kwari ko gwanjo a Ƙofar Wambai ta Kano, ɗa ya tsare rumfa, ƙane ya zaga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar da kaya a bayan babur.

Igiyar da suke rataye kaya tarihi ce. Bayan zinaren Atlanta a 1996, da komawar Kanu Arsenal a 1999, jar riga ta cika gari. Ruwan ɗorawa da kore na Kano Pillars suka samu kasuwa da Masu Gida suka ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 zuwa 2014. Sai lamba 7, wadda Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu da ita a 2018. Har yau yara a Gumel ba su daina nemanta ba.

Kowa ya san rigunan ba na asali ba ne, lambar ma takan ɓare bayan wanki kaɗan. To amma wa zai sayi ta kamfani da kuɗin tunkiya? Mai rumfa ya san ɗan Chelsea tun daga nesa, ya tsokane shi, ya rage masa, ya karɓi sefa daga baƙon Damagaram ba tare da gardama ba.