A bar mana alamar rufewa inda hannu ya saba

Da yawa daga cikin masu riƙe da waya a garin Garou ba su karanta Faransanci, balle Turanci. Dandanci, Hausa, Zabarmanci da Fillanci ne a bakinsu. Amma ko wanda bai taɓa zaman aji ba ya san alamar X ɗin nan da ke saman allo: da ka taɓa ta, abin da ya tare maka gaba ya gushe. Shi ya sa nake jin zafin yadda masu tsara manhajoji suka mai da ita abin wasa.

Windows 95 ce ta kafa ta a kusurwar sama ta dama a 1995, Windows XP kuma ta shafa mata ja a 2001. Apple ya ajiye tasa a hagu, har yau tana can. Ni ban ga abin faɗa a kan dama ko hagu ba. Matsalar ita ce sauya mata wuri bayan hannu ya riga ya haddace. Manhajar kwamfuta ta Ubuntu ta gwada haka a 2010, ta kwashe maɓallan zuwa hagu, masu amfani da ita suka yi ca, a 2017 ta mayar da su dama. Tsawon shekarun nan, duk wanda ya tashi daga wata kwamfuta ya zauna a gaban mai Ubuntu sai ya yi lalube.

Kusurwa ma da dalilinta. Tun 1954 wani mai bincike, Paul Fitts, ya nuna cewa in abu ya yi ƙanƙanta ko nisa, hannu na daɗewa kafin ya same shi. In taga ta cika allo, ko da ƙarfi ka tura linzami, kusurwa za ta tare shi, ba sai ka saita ba. Masu Chrome, da ta fito a 2008, sun fahimci wannan sosai: in kana rufe shafuka a jere, sauran ba su canza faɗi sai ka janye linzamin, don X na gaba ya faɗo daidai ƙarƙashin hannunka. Wannan aikin wanda ya zauna ya kalli yadda mutane ke aiki ne, kuma ina yaba masa.

Abin da ke faruwa a waya kuwa cin amana ne. Manomin shinkafa ya sayi data da 'yan sefarsa a Malanville, ya buɗe shafi a kan Tecno ko Itel ɗinsa mai tsagaggen gilashi, sai talla ta rufe allon. Alamar rufewa ba ta kai ƙwayar gero ba, launinta ya saje da bango, wani lokaci sai an ƙirga daƙiƙu kafin ta bayyana, wani lokaci ma zanenta kawai aka yi a jikin tallar. Ya taɓa, a wuce da shi shafin caca ko a fara sauke masa abin da bai nema ba. Datarsa ta tafi, shi kuma ya ɗauka yatsansa ne ya yi kuskure. Google da kansa yana ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza awo 48, Apple ya ce 44. Masu tallan sun san da haka, da gangan suke ƙanƙanta ta.

Manya ma sun taɓa yi. A 2016 Microsoft ya fitar da sanarwar komawa Windows 10 wadda in ka danna X, sai ta ɗauka ka amince. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin ya gyara.

Masu koyar da kwamfuta a Malanville da Gaya, don Allah ku riƙa nuna wa ɗalibai Alt da F4 na rufe taga, da Ctrl da W na rufe shafi, a waya kuma maɓallin komawa baya, wanda sau da yawa ya fi X ɗin talla aminci. Matasanmu da ke rubuta manhaja a Kwatano, Yamai da Kano kuwa, kafin ku saki aikinku ku miƙa wayar ga dattijon da idonsa ya fara rauni, ku ce ya rufe, ku tsaya ku ga inda yatsansa zai nufa.