Muryar Mai Ba da Labari a Rubutun Tarihin Kai: Nazari da Shawara ga Malaman Hausa a Potiskum

1.0 Gabatarwa

Daga cikin nau'o'in insha'i da ake koyarwa a makarantun sakandare, babu wanda aka fi raina wahalarsa kamar wanda ɗalibi zai ba da labarin kansa. Akan ɗauka cewa tun da shi abin ya faru da shi, ba ya bukatar wani horo. Sakamakon haka sai a sami rubutun da bai wuce jerin shekaru da sunayen makarantu ba. Wannan takarda tana ganin tushen matsalar yana ga murya, domin "ni" ɗin da ke magana a irin wannan rubutu yakan ƙunshi mutum fiye da ɗaya. Za a dubi ayyuka huɗu na rubutun zube don fito da hakan.

2.0 Mai Faɗa da Mai Rubutawa

Biyu daga cikin fitattun labaran tarihin kai na Hausawa shibtarsu aka yi. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, wanda Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855, ya ba J. F. Schön labarinsa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Haka ma Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau, ta ba Mary Smith nata tsakanin 1949 da 1950, ya fito da Ingilishi a 1954. A duka biyun akwai baƙon da ke saurare, wanda dominsa ake bayyana abin da Bahaushe ba ya bukatar a bayyana masa. Shi ya sa Baba takan bar labarin kanta ta shiga fayyace al'adun aure da haihuwa da bori, muryar ta tashi daga "ni" ta koma "mu". Wannan ya ƙara wa littafin daraja a wurin masu nazarin al'ada. Amma malamin da ya gabatar da shi a matsayin muryar Baba tsantsa, bai ambaci mai tambaya da mai fassara ba, ya rage wa ɗalibansa rabin darasin.

3.0 Wanda Ya Gani da Wanda Ke Tunawa

Abubakar Imam shi ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi (1944) da hannunsa, bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943 tare da wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma. A nan muryoyi biyu ne ke tafiya tare: ta matafiyin da ke ganin abubuwa karon farko, da ta editan Gaskiya Ta Fi Kwabo wanda ya dawo gida yana karantar da jama'arsa. Ƙarfin littafin yana inda aka bar ta farko ta yi mamakinta. Inda ta biyu ta rinjaya kuwa, labarin yakan karkata zuwa gargaɗi.

Shaihu Umar (1934) na Abubakar Tafawa Ɓalewa ƙagaggen labari ne, amma yana da amfani wajen koyar da iyakar sanin mai magana. Dattijon malami ne ke ba almajiransa labarin ƙuruciyarsa, har da abubuwan da suka faru yana jariri, da wahalar da mahaifiyarsa ta sha wajen nemansa, alhali bai halarta ba. Tambayar da ta kamata a yi wa ɗalibi ita ce: ta yaya Umar ya san wannan, kuma wa ya gaya masa?

4.0 Abin da Ya Shafi Potiskum

A Potiskum Hausa ce harshen kasuwa da cuɗanya, amma ɗalibai da yawa Ngizim ko Karekare ko Bolanci ake yi a gidajensu. Yaron da ya rubuta maganar kakarsa da Hausa, to, ya tsaya ne a matsayin Mary Smith: ya saurara, ya zaɓa, ya fassara. Ga kuma kunya, wadda ke hana shi kiran sunan mahaifi ko yabon kansa. Bai dace a ɗauki wannan a matsayin rauni ba. A koya masa yadda alkunya da sakaya zance ke zama salo.

5.0 Shawarwari

(a) A sa ɗalibi ya rubuta aukuwa ɗaya sau biyu, misali ranar da ya fara raka mahaifinsa kasuwar shanu: da farko kamar yadda ya gan ta yana yaro, sannan kamar yadda ya fahimce ta yanzu.

(b) A horar da shi ya bambanta "na gani" da "an gaya mini".

(c) A ware wa daidaituwar murya maki a tsarin gwajin insha'i.

(d) A shigar da wannan batu cikin horon malamai, kamar a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum.

6.0 Kammalawa

Ayyukan nan huɗu sun nuna cewa kafin a auna gaskiyar tarihin kai, sai an san mai magana, da lokacin da yake maganar, da wanda yake yi wa. Matuƙar manhaja ba ta tanadi koyar da waɗannan abubuwa uku ba, malami zai ci gaba da gyara ƙa'idojin rubutu a kan insha'in da babu kowa a cikinsa.