Gardanci: Nazarin Wasan Kura da Maciji a Ƙasar Hausa

A cikin wasannin da Hausawa suka gada, kaɗan ne ke tara jama'a da sauri kamar wasan gardawa. Ranar kasuwa, da zarar ganga ta tashi, aka hango ƙato sanye da warki, ƙirji cike da layu, damtse ɗaure da kambuna, yana janye da kura a sarƙa, to mai tebur zai bar teburinsa, almajiri ya manta da bara. Kafin ka ce kwabo an kewaye fili. Wani gardin na rataye da mesa a wuya, wani na riƙe da gwaggon biri, ga akwatin macizai a gefe ba a buɗe ba tukuna. Wannan nazari zai duba inda sha'awar wasan ta samo tushe, da yadda ake gina shi, da abin da ke riƙe da shi, sannan ya tambayi wanda haɗarinsa ke faɗa wa a zahiri.

Tushen sha'awar

Bahaushe ya daɗe yana auna mazantaka da dabba. Labarin kafuwar Hausa Bakwai ma a bakin rijiyar Kusugu ta Daura ya ɗauko, inda maciji ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai. Kusan kowace sana'a ta jarumta tana da dabbar da take gwada kanta da ita. Mafarauta na da zaki da ɓauna da giwa. Sarkawa na da kada da dorina. Mahauta na da hawan ƙaho, inda matashi zai tunkari bijimin sa ya faɗa tsakanin ƙahonninsa ana kaɗa masa kalangu.

Gardi ya bambanta da su duka ta fuska ɗaya. Mafarauci daji yake shiga, ya kashe, ya dawo da nama da labari, jama'a su yarda ko su ƙi. Gardi kuwa dajin yake kamowa da ransa ya kawo tsakiyar gari. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida, shi kuwa sai ya ɗauko tsoron ya dire shi a ƙofar gidanka da rana tsaka.

Matsayin kura a tunanin Bahaushe ya ƙara wa wasan armashi. A tatsuniya ita ce mai haɗama, matsoraciya, wadda Gizo ke yi wa wayo kullum. Amma in dare ya yi aka ji kukanta a bayan gari, babu mai tuna Gizo. Ita ce mai ɗauke akuya, ita ce ake cewa wasu mutane na rikiɗa su zama. Mai kallon wasan gardawa yana ganin kurayen nan biyu a lokaci guda: wadda ya yi wa dariya yana yaro, da wadda ta hana shi fita fitsari da dare.

Yadda ake gina wasan

Wanda ya lura zai ga wasan na da tsari, kuma da wuya a saɓa shi. Kiɗa ne ke fara kiran mutane. Sai kirari, gardi ya ambaci iyaye da kakanni da dazuzzukan da ya kwana, don a san gado yake yi, ba haye ba. Sai a sako biri ya yi tsalle-tsalle, ya miƙa hannu a ba shi kuɗi, mutane su yi dariya su saki jiki su matso. Daga nan a fito da mesa, a rataya wa wani ɗan kallo mai ƙarfin hali. Sai a buɗe akwati, gamsheƙa ya fasa kai, da'ira ta buɗe da kanta. Kura ce ƙarshe. A zungure ta, ta yi gurnani, ta yi kukan kura ta yo kan jama'a, a finciko sarƙa. Wani lokaci a kwance takunkumi, gardi ya yi kokawa da ita, ko a ɗora mata ƙaramin yaro a gadon baya a ce maganin firgita ne.

Lokacin da zukata suka gama bugawa, a nan ne ake kwance jakar magani. Ga na saran maciji, ga na harbin kunama, ga na sammu, ga na kwarjini, ga na mayu. Wannan ne zuciyar sana'ar. Kuɗin da ake jefawa a fili ba zai ciyar da tawaga da makaɗa da kura mai cin nama kullum ba. Dabbobin hujja ce ta talla. Gardi ba ya buƙatar dogon bayani, domin mai kallo ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa wanda ya sa hannu a bakin kura ya fito lafiya, lalle akwai abin da ya taka.

Sani da asiri

Gardawa na cewa ana ba su magani tun suna goye, su sha, su yi wanka, su yi turare, kuma da shi suke shiga ramin kura su fito da ita. Abin da ido ke iya tabbatarwa shi ne suna da sanin dabba mai zurfi, wanda ba a samu sai da shekaru. Gardi ya san kura daga kunnenta da gashin wuyanta, ya san lokacin da za a matsa mata da lokacin da za a ƙyale ta. Ya san dabbar dare ce, zafin rana na kashe mata jiki. Ya san wadda aka kama tana ƙarama ta fi sabo. Duk da haka bai taɓa rabuwa da takunkumi da sarƙa da kulki ba, kuma wannan kaɗai ya isa shaida cewa shi ma ya san iyakar laƙaninsa.

Haka abin yake a ɓangaren macizai. Mesa ba ta da dafi, ƙarfinta a nannaɗewa yake, saboda haka rataya ta a wuya bai kai yadda ake gani haɗari ba muddin akwai mai riƙe wutsiya. Kasa na da mugun dafi, amma mai nauyin jiki ce, ba ta cika motsi ba sai an taka ta. Gamsheƙa in ya fasa kai, saransa daga sama zuwa ƙasa yake zuwa, kuma tazarar da zai kai daidai take da tsayin abin da ya ɗaga na jikinsa. Wanda ya san wannan ya san inda zai tsaya. Maciji ba shi da kunne a waje, motsin hannu da girgizar ƙasa yake bi, kiɗan na mutane ne. An kuma san cewa masu wasan maciji a ƙasashe da dama na cire masa haƙoran dafi ko su ɗinke bakinsa. Haƙoran nan kuwa sukan sake fitowa, shi ya sa sara ke samun ƙwararre a ranar da bai zata ba.

Wannan sani abin girmamawa ne. Illar ita ce ba shi ake sayar wa jama'a ba. Gardi ya riƙe sanin a hannunsa, ya miƙa wa mai saye ƙullin gari.

Wa haɗarin ke faɗa wa?

Na farko shi gardin kansa. Kura na iya kai kilo 60 ko fiye, kuma muƙamuƙinta na farfasa ƙashin manyan dabbobi. Gwaggon biri na da fiƙa mai tsawo da saurin fushi. Tabon da ke jikin tsofaffin gardawa ba ado ba ne. Sai dai shi ya zaɓi sana'ar da idonsa a buɗe, kuma yana cin abinci da ita.

Na biyu dabbar. Hausawa ba su jira wani ya zo daga waje ya nuna musu wannan ba, tun tuni suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kura dabbar dangi ce, a cikin garke take rayuwa ƙarƙashin jagorancin mata, tana cin dogon zango kowane dare tana farauta. A hannun gardi kuwa ita kaɗai ce, wuya a sarƙa, baki a ɗaure, ana jan ta a kan kwalta mai zafi, ana cusa ta a mota daga gari zuwa gari. Macijin da aka fasa wa baki yakan kasa cin abinci, ya rame ya mutu, a koma daji a kamo wani. Al'ummar da ta san hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa, ba ta da uzurin kawar da kai daga wannan.

Na uku, wanda ba a cika ambata ba alhali nasa ya fi muni, shi ne mai sayen magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2017 ta sanya shi cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. A arewacin Nijeriya babbar mai kisa ita ce kububuwa, 'yar ƙaramar macijiya da ke ɓuya a gona da gindin ciyawa, musamman a yankunan Gombe da Taraba da Filato. Manomi da makiyayi take samu, lokacin shuka da lokacin girbi. Dafinta na hana jini daskarewa. Mutum zai iya kwana ɗaya ko biyu yana ganin kamar da sauƙi, sai jini ya fara fita ta dasashi da tsofaffin miki, wani ya zuba a cikin kai.

A nan ne maganin kasuwa ke samun sunan da bai cancanta ba. Ba kowane maciji ke da dafi ba. Mai dafin ma ba kowane sara yake zuba shi ba. Ko saran kububuwa da ba a kai asibiti ba, abin da binciken likitoci ya nuna shi ne mutum 10 zuwa 20 cikin 100 ne ke mutuwa. Sauran za su tashi ko sun sha ƙulli ko ba su sha ba, kuma kowannensu zai zama mai shaidar cewa maganin ya ci. Waɗanda suka mutu kuwa sai a ce kwana ne ya ƙare, ko an karya sharaɗi. Da allurar maganin dafi, adadin masu mutuwa kan sauko ƙwarai. Tun a shekarun 1970 likita David Warrell ya yi nazarin saran kububuwa a Zariya, Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya ɗora a kai, kuma da dafin macizan Nijeriya aka haɗa allurar EchiTAb da asibitin Kaltungo ya shahara da ita. Duk awar da aka ɓata ana tsaga da tsotsa da shafa gari, an rage wa allurar nan damar ceto ne. Saran da bai sami gardi a fili ba, manomin da ya yarda da shi yake samu a gona.

Yadda wasu suka gani, da yadda wasu ke yi

A 2005 mai ɗaukar hoto Pieter Hugo, ɗan Afirka ta Kudu, ya bi wata tawagar gardawa a gefen Abuja, ya dawo a 2007, ɗaya daga hotunan kuma ya ci kyautar World Press Photo a 2006. Kafin a san ko su wane ne, an yi ta yaɗa cewa 'yan daba ne ko masu karɓo bashi da kura. Gaskiyar ita ce 'yan uwan juna ne masu neman abinci da wasa da sayar da magani. Hotunan sun nuna kwarjini, amma ba su ɗauko ganga da kirari da jakar magani ba, alhali ba a fahimtar gardanci in babu su.

A birnin Harar na ƙasar Habasha akwai wata hulɗa da kura ta daban. Da dare masu ciyar da kuraye kan zauna a bayan ganuwa su kira su, su miƙa musu nama a kan ɗan tsinke, wani lokaci tsinken na bakinsu. Kurayen su ci su koma daji da ƙafarsu, babu sarƙa babu takunkumi. Haɗarin na nan, 'yan kallo na zuwa daga ƙasashe, amma ba a bugi dabba ba.

Kammalawa

Hana gardanci da doka kawai zai kori iyalai daga abincinsu, ya binne sanin da suka tara. Barinsa yadda yake kuma yarda ce da wahalar dabba da asarar rayuka. Indiya ta fuskanci irin wannan bayan dokar kare namun daji ta 1972 ta tsayar da cinikin fatar maciji. A 1978 aka kafa wa 'yan ƙabilar Irula na jihar Tamil Nadu ƙungiyar haɗin gwiwa, suna kamo macizai, a tatsi dafinsu don haɗa allura, a mayar da su daji. Sanin da suka gada ya zama aikin ceton rai, kuma suna samun kuɗi da shi.

Gardawanmu na da irin wannan hannu. Su ne suka fi kowa iya fitar da maciji daga ɗaki ko rumbu ba tare da an yi ɓarna ba, su ne suka san kowane iri da maɓoyarsa, kuma jama'ar karkara na sauraronsu fiye da yadda suke sauraron ma'aikacin lafiya. Ma'aikatun lafiya da na gandun daji da masarautu na iya yi musu rajista, a horar da su, a biya su ladan kama macizai da wayar da kai. Kiɗan da kirarin da raye-rayen su ci gaba a bukukuwan Sallah da na al'adu, jami'o'i su naɗe su su adana. Abu biyu ne ya kamata a daina: kamo kura daga daji don a ɗaure ta, da yi wa talaka alkawarin cewa ƙulli zai tsare shi daga dafi. Duk gardin da ya tsaya a kasuwa ya gaya wa manoma su sa takalmin roba in za su gona, in kuma an yi sara kada a tsaga, a garzaya asibiti, ya yi wa jama'arsa aikin da ya fi kokawa da kura jarumta.