Dingle: Mashayar Da Ta Sace Zuciyar Wanda Ba Ya Shan Giya

Ku da kuka taɓa zama a irin mashayar nan ta mutanen Ayalan, wadda suke kira pub, kun riga kun san abin da zan faɗa. Kana turo ƙofar katakon nan mai nauyi, sanyi da yayyafin da suka rako ka sai su tsaya a waje, wani ɗumi mai ƙamshin hayaƙi da man shanu da soyayyen kifi ya tarbe ka. Na sha shiga masu kwaikwayonsu a garuruwa daban-daban, da koren fentinsu da tsofaffin hotuna a bango, kuma ina son su har gobe. Amma sai da na je Dingle, ɗan ƙaramin gari a gundumar Kerry, can inda ƙasar Ayalan ta tuƙe Tekun Atlantika ya ɗauka, sannan na ga uwar abin. Mutanen garin ba su kai dubu uku ba, amma kusan kowane layi da tasa mashayar. Akwai Foxy John's, rabi kantin ƙusa da guduma, rabi wurin zama. Akwai Dick Mack's da ke nan tun 1899. Wadda ta kama ni kuwa wata ƙarama ce kusa da tashar jiragen masunta.

In faɗa muku tun da wuri, ni ba na shan giya, ban kuma taɓa sha ba. Kwana uku na yi a garin, kullum magariba a kujera ɗaya take samuna.

Miyar kifin ce ta fara ɗaure ni. Chowder suke ce mata. Fara sol, mai kauri, mai maiƙo, tana tururi, cike da gutsattsarin kifin salmon mai ruwan hoda da farin kifi mai laushi da yankakken dankalin turawa da ya dahu har ya fara narkewa, ga ɗan koren ganye an barbaɗa a kai, cokali ma sai ya yi da gaske kafin ya nutse. Wayyo daɗi! Shawara ɗaya: ku riƙa tambaya, domin wasu gidajen kan jefa naman alade a ciki, wasu kuma kan kwaɓa fulawar soya kifi da giya. Da na tambaya, yarinyar da ke kawo abinci ba ta ɗaure fuska ba, ta shiga kicin ta tambayo, ta dawo ta ce in ci hankalina kwance. Na ci kwano biyu.

Burodin da ke rako miyar kuwa, shi kaɗai ya isa a hau jirgi dominsa. Ba a sa masa yis. Garin alkama ne wanda ba a cire dusarsa ba, da gishiri, da hodar soda, da tsala, wato nonon da aka fid da mai daga cikinsa. Tsamin tsalar ne ke haɗuwa da sodar ya tashi ƙullin, wanda duk ya girma yana kallon aikin kanwa a tukunyar mahaifiyarsa ba zai yi mamaki ba. Ɓawonsa garas-garas, cikinsa nauyi da danshi, ka shafa masa man shanunsu mai gishiri wanda ya yi rawaya sosai saboda shanun a kan ɗanyar ciyawa suke kusan duk shekara, ka tsoma a miya, ka lumshe ido. Kai, Allah Ya yi wa wanda ya fara wannan haɗi albarka.

Ƙorafina bai wuce biyu ba. Na farko, babu yaji, ko na magani. Mutanen da Allah Ya ba kifi irin wannan, a ce ba su san barkono ba! A dare na biyu da ƙullin yajin ƙulina na zo. Na biyu, ƙarfe tara na yi ake rufe kicin, daidai lokacin da hira ta yi daɗi cikin mutum ya sake neman wani abu.

Wurin zamana kusa da murhu yake, inda ake ƙona turf, wato baƙar ƙasar fadama da suke yankawa kamar tubali su busar. Ba ta yin harshen wuta sosai, sai dai ta yi jajir a hankali, tana fitar da wani ƙamshi mai kama riga. Hayaƙin taba kuwa babu, domin tun watan Maris na 2004 Ayalan ta hana shan ta a wuraren aiki har da mashaya, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka.

Daga nan nake kallon mai kanta yana zuba wa jama'a giyar Guinness, sai ka ce mai aikin ɗinki: ya karkata kofi ya cika kusan kashi uku cikin huɗu, ya ajiye har baƙin ya kwanta farar kumfa ta hau, sannan ya ƙarasa. Kamfanin ya ce daƙiƙa 119.5 ake bukata, kuma babu mai gaggauta shi. Da ya ji daga Najeriya nake sai ya ajiye tsumma, muka hau labarin Arthur Guinness da ya yi hayar masana'antar St James's Gate a Dublin a 1759 ta shekara 9,000, da kuma masana'antar Ikeja ta 1962, ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ayalan da Birtaniya. Na ba shi labarin Malta Guinness da ake rabawa a bukukuwanmu, ya yi ta mamaki. Shi kuma ya haɗa ni da Club Orange, lemon kwalbarsu mai ɓarɓashin lemo a ciki, da butar shayin Barry's mai kauri da madara. Babu wanda ya ko kalli kofina.

Sai kiɗa. Wajen tara da rabi, ba dandali ba lasifika, wasu mutum huɗu suka zagaye teburin lungu: mai goge, mai sarewar ƙarfe, wata dattijuwa da bodhrán, gangar fatar akuya da ake riƙewa a hannu ɗaya, da wani saurayi mai uilleann, busar da ake hura mata iska da gwiwar hannu. Suna farawa ƙafafu suka hau buga daɓe. Can tsakiya sai wani tsoho da ke jingine da kanta ya rufe ido ya ɗauki waƙa da harshen Ayarish, wanda har yau ake magana da shi a wannan yanki, ba kiɗa ba komai. Ɗakin ya yi tsit, har mai kanta ya daina wanke kofuna. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi.

Daren ƙarshe na je sallama, yarinyar nan ta ce in dakata. Ta fito da rabin burodi naɗe a takarda, da ɗuminsa, ta ce guzurin hanya ne. A motar safe zuwa Tralee na warware shi, kuma kafin mu fita daga garin na cinye.